Awon Tsatsa

Gara a faɗi aibin Sufeto tun da wuri, kafin wani ya riga mu. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana murɗa wa ɓarayi ankwa, wai shi ne bai iya ɗora tafin hannu a kan gilashi ba. Duk Laraba sai ya goge takalmi, ya sa rigarsa mai aljihu biyu, ya sauko daga bene zuwa shagon maganin da ke ƙasa, ya zauna gaban na'urar awo, ya ɗora hannun a karkace kamar aro aka ba shi.

"Haba Baba," Mai Awo, yarinyar da ke kula da na'urar, za ta ce, "kullum sai an koya maka?"

Sai ta kama wuyan hannunsa, ta miƙe masa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta danne tafin da nata har shuɗiyar fitilar ta gama lasarsa. Tun da matarsa ta rasu, yaran kuma kowa ya kama gabansa, hannun ɗan Adam da ke taɓa shi ke nan, in ka cire na mai aski. Shi kuwa mai aski kunne yake ja.

Mai shagon, wanda unguwa ke kira Dokta ko da yake ko ƙofar makarantar likitanci bai taɓa leƙawa ba, yana da huɗuba guda da ba ta canzawa. Jikin mutum, in ji shi, ƙarfe ne, kullum cikin tsatsa yake. Akwai sinadaran da ke tare tsatsar, kuma cikin ikon Allah suna nan a ƙwayoyin bitamin da ke kan kantarsa. Kamfanin ƙwayoyin ne ya ajiye masa na'urar a ɗakin baya, don kowa ya ga da idonsa ko maganin yana aiki. Ta haska fatar tafinka, ta fitar da lamba da launi. Ja, tsatsa ta ci ka. Rawaya, da sauranka. Kore, ka tsira. Tsofaffin layin suka sa wa abin suna awon tsatsa, suka mai da Laraba ranar fira a kan bencin jira.

Wata Litinin, bayan hutun rana, aka buɗe ɗakin baya aka tarar da tebur kawai.

*

Hayaniya ce ta sauko da Sufeto. Ya sami mutane sun cika bakin shagon, kowa yana ba da shaidar abin da bai gani ba. Dokta yana tsakiya, hannu a ka.

"Makulli biyu ne a duniya," yake cewa, "ɗaya a aljihuna, ɗaya a jakarta. Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle taga ba. To aljani ne?"

Mai Awo tana jingine da kantar shagon, ta rungume jakar a ƙirji. Ba ta kuka, wanda a idon jama'a shi ma laifi ne.

"Jibi da tsakar rana wakilin kamfani zai zo," Dokta ya ce, yana nuna ta da makullin. "In bai ga na'urarsa ba, ni ba zan shiga bayan kanta saboda ke ba. 'Yan sanda zan kira, ki yi musu bayani."

Daga cikin taron wani ya hango Sufeto. "Ga mai bin sawu nan! Ku ba shi hanya."

Rabon Sufeto da bin sawun wani abu tun ritayarsa, in ban da silifas ɗinsa da ke yawan ɓuya ƙarƙashin gado. Amma ya gyara wuyan riga ya shiga, yana jin kunyar irin daɗin da ya ji.

Ɗakin bai da girma: benci, fanka mai ƙara, hoton hanta a bango, da tebur mai shimfiɗar leda. Wayar wutar na'urar tana nan, an naɗe ta tsaf an rataye a ƙusa. Ɓarawon da ke nufin sayar da kaya ba ya barin wayarsu, balle ya tsaya naɗewa. A gefen teburin akwai wani maiƙo ja-ja, a kwandon shara kuma auduga mai irin launinsa. Sufeto ya shinshina, ya yi shiru irin na masana, don bai gane komai ba.

Sai ya shafa ledar. Inda na'urar ke zama, ƙafafunta huɗu sun lotsa ledar har sun huda ta sun shiga katako. Ya daɗe yana sa ɗan yatsa a ramukan.

Ƙofar baya tana fita wani lungu ne da duk shagunan layin ke bi zuwa famfo. Ya ja ta, ya murɗa makulli, ya tura da kafaɗa. Ta buɗe.

"Sai an ɗaga ta take kamawa," Dokta ya ce a hankali.

"Wa ya san haka?"

Dokta ya dubi taron. Taron ya dubi sama.

*

Ya sami Mai Awo a lungun, zaune a kan matakala kusa da famfo.

"Ina kika je da rana, 'yata?"

"Inda nake zuwa kullum, Baba. Ɗauko ɗana daga makaranta in kai shi wurin maƙwabciya." Ta murza igiyar jakarta. "Ni ba rufewar ce ke damuna ba. In suka tafi da ni jibi da rana, wa zai tsaya masa a bakin makaranta? Yana tashi ni yake nema."

Sufeto ya ga ya kamata ya dafa kafaɗarta. Hannun ya taso, bai san hanya ba, ya ƙare a aljihu.

"Kin ɗaga ƙofar da za ki fita?"

"Ban tuna ba. Ina sauri."

"Na'urar nan, ke kaɗai kina iya ɗaukarta?"

Ta dube shi, har ta ɗan yi dariya. "Ni? Ran da aka kawo ta, ni da Dokta muka kama, sai da ya yi kwana biyu yana tafiya kamar agwagwa. Ganinta ƙarama, amma kamar duwatsu aka zuba mata. Tun ranar ba a sake motsa ta ba."

"Maiƙon da ke kan teburin fa?"

Nan ta sunkuyar da kai. Ta ce ba ta son kama sunan kowa. Duk Laraba dai takan sami gilashin ya yi maiƙo, ta goge. Da abin ya ishe ta, makon jiya ta sanar a kan benci cewa daga yanzu za ta riƙa goge tafin kowa da sifirit kafin awo.

"Wa ya fi ɓata rai?"

"Baba, ka san wanda ya fi kowa lamba."

*

Kafin ya je wurin wanda ya fi kowa lamba, sai ya biya ta wurin Gwaggo. Gwaggo tana hawa na farko, tagarta tana kallon layin, kuma tun da aka gina benen ba a taɓa sauke ko buhun gawayi ba tare da saninta ba. Ranar kaɗai da aka buƙace ta, ta ce barci ya sace ta.

"Amma ai ba sai na gani ba," ta ce, tana tura masa kujera da ƙafa. "Abu kamar rediyo? Yarinyar nan ta sa a jaka ta rufa mayafi, shi ke nan. Yaran yanzu."

"Koci fa?"

"Wannan mai ƙirjin? Shi da na'urar ai kamar ango da amarya."

"Tela?"

"Kai Sufeto, ashe da gaske tsufa ya kama ka. Bawan Allah ya daɗe a ja kamar an yi masa baki, sai yanzu ya lallaɓo bakin kore. Jibi ne ma ake sa ran zai shiga. Shi ya fi kowa asara. 'Yarsa tun daga wancan ƙarshen gari take shiga mota biyu ta kawo shi awo, ga ledar mangwaro da karas da gwanda, ta tsare shi sai ya cinye. Ni nawa 'ya'yan, ko lemon tsami."

Ta riƙe shi da labarin ciwon gwiwarta har shayin da ta ba shi ya huce. Bai yi gaggawar tashi ba. Shi ma babu mai jiransa.

*

Koci, wanda ya fi kowa lamba, tsohon malamin motsa jiki ne, har yanzu da usur a wuya ko da yake ba shi da wanda zai hura wa. Washegari da safe Sufeto ya same shi a barandar gidansa yana ɗaga gwangwanayen siminti.

"Yallaɓai! Ka kama ta?"

"Wa?"

"Yarinyar mana. Abin da za a saƙale a hammata a wuce, har sai an yi bincike?"

"Ba ni hannu mu gaisa, Koci."

Koci ya miƙo. Sufeto ya riƙe, ya juya tafin sama. A cikin layukan tafin, da gefen farce, akwai ja-jan da sabulu ya gaza.

"Wannan fa?"

"Lafiya ce. Jini ne ya wadata."

"Jinin har da ƙanshin miya?"

Koci ya janye hannunsa, ya leƙa cikin gida, ya rage murya. Da farko ya ce man shafawa ne. Daga baya ya ce tsautsayi ne a kicin. A ƙarshe ya zauna a kan gwangwanin simintin, ƙirjin ya sace kamar taya.

"Manja ne," ya ce. "Ɗan kaɗan, daren Talata, sai in ɗaure da leda in kwana. Wata rana na ci abinci ban wanke hannu sosai ba na je awo, na ga lamba ta yi tsalle. Shi ke nan."

"Don me?"

"Yallaɓai, da in na shiga fili yara ɗari ke miƙewa. Yanzu in ba ranar Laraba ba, wa ke tafa mini? Ta kira lambata, benci ya ce kai, Koci! Shi ke nan abincina na mako." Ya share fuska. "Da ta ce sifirit, wallahi ban yi barci ba. Amma ban ɗauka ba. Jiya da rana ina asibitin haƙori, baki a buɗe, ka je ka tambaya."

Ya buɗe bakin ya nuna ramin. Sufeto ya leƙa don aiki ya cika, ya yarda.

Ya koma gida da rana ba shi da kowa a hannu. Ya ɗumama abincin jiya ya ci a tsaye, don zama a tebur mai kujera shida yana sa shi jin kamar an gayyaci mutane sun ƙi zuwa. A kan firij kwalaben bitamin ɗinsa suna jere, ko hatiminsu bai ɓalle ba. Ƙwaya tana maƙale masa a wuya tun yana yaro. Yana saye ne don kada a ce ya zo awo a banza. Ya kira babban ɗansa.

"Baba, ina cikin taro. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Wani bincike nake..."

"Madalla. Zan kira ka."

Sufeto ya ajiye wayar kusa da kwalaben. Gobe da tsakar rana za a tafi da yarinyar mutane, shi kuma abin da ya gano duka-duka shi ne wani dattijo yana kwana da manja a hannu. Ya cire maɓallin aljihun rigarsa da gangan, ya sauka.

*

Shagon Tela shi ne na uku daga shagon magani, shi ma ƙofarsa ta baya lungun famfo take kallo. Keken ɗinki a rufe yake da zane. Tela yana zaune a kujerar baƙi, ya tokare bayansa da matashi, shagon kuwa ya gauraye da warin man zafi har yana sa ido hawaye.

"Sufeto. An ce kai ke riƙe da shari'ar."

"Shari'a ta fi ƙarfina. Maɓalli ne ya kawo ni."

Tela ya miƙa hannu zai ɗauko kwalba a kan kanta, ya tsaya a rabin hanya, ya cije leɓe.

"Bari in ɗauko maka," in ji Sufeto.

Kwalaben bitamin ne, sun kai goma, kowace cike da maɓallai: farare daban, baƙaƙe daban. Kusa da su akwai wani tsohon gwangwanin madara. Sufeto ya ɗaga murfin kamar bisa kuskure. Cike yake da ƙwayoyi har baki.

Suka dubi juna.

"Ba sa wuce mini," Tela ya ce.

"Ni ma."

"Kada ka gaya wa 'yata."

"Ni da ba a kirana ma balle in yi tsegumi." Sufeto ya zauna a kan tarin yadin kayan makaranta, ya ji tarin ya fi yadi tauri, ya tashi ya koma kan benci ba tare da ya duba ba. "An ce gobe za ka shiga kore."

"Haka ake cewa."

"Ka yi murna mana."

Tela ya zura zare a allura, sau ɗaya, ba tare da tabarau ba. Ya fara ɗinka maɓallin a jikin Sufeto, kansa a sunkuye daf da ƙirjinsa.

"Yarinyar tana wahala," ya ce. "Ga aiki, ga miji, ga yara, ga mota biyu. Makon jiya da ta ga lambar har rawa ta taka. Ta ce, Baba, kana shiga kore na huta." Ya ciji zaren. "Gaskiyarta ne. Ta huta."

"Bayan naka fa, me ya same shi?"

"Tsufa."

"Tun yaushe?"

"Tsufa yana da ranar farawa ne?"

Sufeto ya fito ya tsaya a lungun famfo. Yana iya komawa ya yaye yadin nan, magana ta ƙare. Amma sai ya zama shi ya kama tsoho da kayan sata, kuma gobe 'yarsa za ta sauko daga mota ta biyu ta ji a bakin Gwaggo. Ya fi so maganar ta fito daga bakin mai ita. Ya je ya roƙi Dokta kwalin da na'urar ta zo a ciki, da izinin tara mutane da safe.

*

A zamanin aikinsa ba a tara waɗanda ake zargi a yi musu jawabi. Bayan kanta ake tura su a jira wanda zai fara gajiya. Saboda haka da Sufeto ya ga Gwaggo da Koci da Tela a jere a kan benci, Dokta a bakin ƙofa, Mai Awo a tsaye kusa da teburinta, duk suna kallonsa, sai abin ya hau masa kai. Ya sa hannu a baya ya fara zagaya ɗakin da bai fi taku uku ba.

Ya yi bayanin ƙofar da ba ta kamawa. Ya yi bayanin wayar da aka naɗe. Da ya iso kan maiƙo, ya kamata ya ce ba shi da alaƙa da satar ya wuce. Amma idanu suna kansa, kuma ya daɗe bai sami masu sauraro ba. Ya ba da labarin manja kaf, har da ledar da ake ɗaurawa.

Gwaggo ta yi dariya har ta riƙe gwiwa. "Koci! Ashe miya muke tafa wa!"

"Manja?" Dokta ya ce. "A kan gilashin kamfani? Ke kuma da hannunki kike danne wannan ƙazanta, ki juya ki taɓa wani?"

Koci ya kafa wa usur ɗinsa ido. Sufeto ya ji ɗan ɗaci a bakinsa, amma ya ci gaba.

"Yau dai ba za a fasa awo ba. Na aro wata na'urar irinta daga wani shago, ga ta can a kwali. Koci, huce haushinka, ɗoro mana ita a tebur."

Koci ya miƙe da sauri, ya sami abin da zai wanke kansa da shi. Ya sunkuya daga tsaye, ƙafafu a miƙe, ya kai hannu ɗaya.

"Kai, bayanka!" Tela ya daka tsawa, har ya rabu da benci. "Durƙusa tukuna! Da hannu biyu, mutumin banza, za ta karya ka!"

Koci ya riga ya ɗaga. Kwalin ya taso sama kamar hula, don babu komai a ciki.

Kowa ya juya ga Tela.

"Duk layin nan," Sufeto ya ce, muryarsa ta sauka, "kowa ya ɗauka abar nan ba ta fi rediyo nauyi ba. Gwaggo ta ce a jaka. Koci ya ce a hammata. Mutum biyu ne suka san nauyinta, su ne suka ɗora ta a teburin nan. Sai kuma wanda ya sauke ta."

Tela ya koma ya zauna a hankali, hannu a ƙugu.

"Tana ƙarƙashin yadin makaranta," ya ce. "Ban ƙwarzane ta ba. Na ma rufa mata zane saboda ƙura."

"Baba Tela," Mai Awo ta ce. Yanzu ne hawayen suka zo. "Ni fa za a rufe. Kana zaune kana ji."

"Zan dawo da ita, 'yata. Na ce Laraba ta wuce tukuna."

"Wace Larabar? Ai wata Larabar na zuwa bayanta."

Tela ya dubi tafin hannunsa kamar shi ya ci amanarsa.

"Na daina shan ƙwayar don lambar ta sauka," ya ce. "Ƙarya nake, ban taɓa sha ba ma. Amma kullum sai hawa take. Na rasa yadda zan yi da ita. In na shiga kore, yarinyar ta huta. In ta huta..." Ya shafa gemu. "Ku dai kun san yadda ɗaki yake in babu mai leƙowa."

Babu wanda ya tambaye shi wane ɗaki. Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta daɗe tana gyarawa.

Dokta ya zaro waya. "Ni dai sata aka yi mini."

"Kira 'yan sandan," in ji Sufeto. "Yarana ne, na san irin tambayarsu. Za su so jin yadda mutumin da bai taɓa haɗiye ƙwayarka ko ɗaya ba ya taso daga ja zuwa bakin kore. Wakilin kamfani ma sai ya tsaya ya ji, da duk wanda ke bakin ƙofa."

Dokta ya dubi wayar, ya dubi kantarsa ta cikin ƙofa. Ya mai da wayar aljihu.

"Ke," ya ce wa Mai Awo, yana kallon hoton hanta, "a yi haƙuri."

"Na ji," ta ce.

Sufeto da Koci ne suka ɗauko na'urar ta lungun famfo, suna nishi, Tela yana binsu a baya yana cewa a durƙusa. Ƙafafunta suka koma cikin ramukansu huɗu daidai.

*

'Yar Tela ta iso ana gama haɗa waya, gumi a goshi, leda a hannu.

"Baba, ka ci gwandar da na bari? Me ya sami bayanka? Sannunku, Baba Sufeto. Mu yi sauri, na bar aiki."

Tela ya ɗora hannunsa kamar mai miƙa wuya ga wuƙa. Shuɗiyar fitila ta kama, ta mutu. Kore.

'Yar ta yi tsalle ta rungume kansa. Tela ya yi irin murmushin da ake yi wa mai ɗaukar hoto.

Mai Awo ta dubi tsohon da ya kusa sa a rufe ta. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juya ga 'yar.

"Yaya, kore fa ba ya zama da kansa. Na'urar launin abin da mutum ke ci take gani a fata. Wannan ledar taki ce. In kika daina kawowa, kika daina tsare shi ya ci, ja zai koma."

Dokta ya yi tari a bakin ƙofa.

"In aiko masa da ita fa?" in ji 'yar.

"Zai ci in ba kya wurin?"

'Yar ta dubi ubanta. Ta sauke numfashi, ta dangwarar da ledar a cinyarsa. "Wannan? Maƙwabta zai rabar wa. To Baba, ka ji. Ba ka rabu da ni ba."

"Ni dai an dame ni da karas kamar zomo," in ji Tela, yana kwance bakin ledar da sauri.

Da tsakar rana wakilin kamfani ya zo ya ga na'urarsa, Dokta ya ja shi gefe suka yi ƙus-ƙus. Mai Awo ta ɗauki jakarta ta tafi bakin makaranta a kan lokaci. Ranar ba a sami damar auna sauran ba.

Sufeto ya yi mako guda yana jin kansa. A layi ana nuna shi. Ɗansa bai kira ba, amma ya shirya yadda zai ba shi labarin in ya kira, har da inda zai dakata don a yi mamaki. Laraba ta zagayo, ya goge takalmi, ya sa rigar mai sabon maɓalli, ya sauka tun benci bai cika ba. Mai Awo ta tarbe shi da fara'ar da bai taɓa gani ba.

"Baba na kaina! Kai ne farko yau."

Ya zauna. Ya ɗora hannun a karkace.

"Haba Baba, kullum sai an koya maka?"

Ta buɗe wani ƙaramin kwali a gefen teburin. Tun da maganar manja ta kai kunnen kamfani, aka kafa doka: ba a taɓa hannun kowa sai da safar hannu ta roba.